Daga Yamai zuwa Jidda, awa nawa?

1. Kaka ta tafi Maka

Auta ɗan aji biyar ne a makarantar Madarumfa. Gidansu ba shi da nisa da tabki. Shi ne ƙarami a ɗakinsu, shi ya sa kowa yake ce masa Auta.

Kakarsa ta daɗe tana son zuwa aikin haji. Shekara da shekaru tana tara kuɗi. Tana soya ƙuliƙuli, tana saida man gyaɗa, tana kiwon tumaki. Da kuɗin suka kusa isa, sai ɗiyanta suka haɗu suka cika mata.

Ran tafiya aka raka ta Maraɗi, kilomita 20 da ƴan kai daga Madarumfa. Can ta shiga babbar mota tare da sauran maniyyata. Suka bi ta Gidan Rumji, da Madawa, da Birnin Ƙonni, da Dogon Dutsi, da Doso. Daga Maraɗi zuwa Yamai kamar kilomita 660 ne. Suka yi kusan awa 10 a hanya.

Bayan kwana biyu, da dare, gwaggon Auta da ke aure a Yamai ta kira waya. Ta ce: "Yaya, jirginsu Inna ya tashi yanzu, ƙarfe 11. An ce awa 5 da rabi za su yi a sama."

Baban Auta bai yi barci ba. Inna ba ta taɓa shiga jirgi ba, ga ta da ciwon ƙafa. Can kafin asuba wayarsa ta yi ƙara. Auta ya farka, ya matso kusa.

Kaka ta ce: "Mun sauka Jidda lafiya. Nan gari ya waye sarai. Agogon da ke bango ya ce ƙarfe 6 da rabi."

Auta ya leƙa waje. Duhu ne ƙirin, ko ladan bai kira salla ba. Ya dubi agogon Baba, ya ga ƙarfe 4 da rabi.

Ya ce: "Baba, daga ƙarfe 11 zuwa ƙarfe 6 da rabi ai awa 7 da rabi ne. Gwaggo kuwa ta ce awa 5 da rabi. Wa ke da gaskiya?"

Baba ya ce: "Na sha jin alhazai suna cewa agogon Maka daban ne da namu. Dalilin ne ban sani ba. Kai da ke zuwa lakwal, ka tambayo mana."

2. Yadda ake auna nisa

Da safe Auta ya gaya wa Malam abin da ya faru. Malam ya ce tambaya ce mai kyau, kuma tambaya uku ce a haɗe: nisan wurin, da gudun jirgi, da agogo.

Malam ya ɗauko ƙwallon duniya daga cikin akwati, ya aza shi bisa tebur. Ya kawo zare da almakashi. Ya kira wata yarinya ta naɗa zaren sau ɗaya a tsakiyar ƙwallon, inda ya fi kauri. Wannan wuri shi ne ɗamarar duniya. Malam ya yanke zaren daidai inda bakinsa biyu suka gamu.

Ya ce: "Wanda ya kewaye duniya ta bisa ɗamararta ya yi tafiyar kilomita 40,000. Ke nan wanga zare yana tsaye a madadin kilomita 40,000. Ku ninke shi kashi 10 daidai wa daida."

Yara suka ninke, suka yanke kashi ɗaya. Malam ya tambaye su tsawonsa. Suka raba 40,000 gida 10, suka samu 4,000.

Auta ya ɗora bakin guntun zaren bisa Yamai, ya ja shi ya miƙe wajen gabas. Ɗaya bakin ya faɗa daidai bisa Jidda, a gaɓar Bahar Maliya. Yara suka yi ta mamaki.

Malam ya ce: "Kun gani da idonku. Daga filin jirgin sama na Diori Hamani a Yamai zuwa filin Sarki Abdul'aziz a Jidda, kilomita 4,000 ne ko kusa da haka. Kakar Auta ta ci kashi ɗaya cikin 10 na kewayen duniya a dare guda."

Suka dubi inda zaren ya bi. Ya ratsa ƙasar Nijar ta arewa da Maraɗi. Ya shiga Cadi, ya shiga Sudan, ya ƙetare kogin Nilu, sannan ya ƙetare Bahar Maliya.

Wani yaro ya ɗaga hannu ya ce: "Malam, ashe Madarumfa ta fi Yamai kusa da Maka?"

Malam ya ce: "Ƙwarai. Yamai tana yamma da mu, Maka tana gabas. Daga Maraɗi zuwa Jidda kamar kilomita 3,500 ne. Maniyyacin da ya shiga jirgi a Yamai, yamma ya fara yi da mota, sannan jirgi ya komo da shi gabas."

Malam ya ƙara da cewa nisan sama da nisan ƙasa ba ɗaya ba ne. Hanyar mota tana kewaye dutse, tana neman gada, tana ratsa garuruwa. Jirgi kuwa, in ba abin da ya hana shi, miƙewa yake yi kamar zare. Tsakanin Maraɗi da Yamai mota tana cin kilomita 660, amma ta sama bai wuce 540 ba.

3. Gudun jirgi

Malam ya rubuta a allo:

lokaci = nisa ÷ gudu

Ya ce manyan jiragen da ke ɗaukar alhazai suna gudun kilomita 800 zuwa 900 a awa ɗaya. Don lissafi ya zo da sauƙi, sai a ɗauki 800.

Auta ya je allo ya rubuta:

4,000 ÷ 800 = 5

Ke nan awa 5.

Don yara su gane irin wannan gudu, Malam ya sa su raba 800 gida 60. Suka ga jirgi yana cin kilomita 13 da wani abu a minti ɗaya. Tsakanin Madarumfa da Maraɗi bai kai masa minti 2 ba. Tsakanin Maraɗi da Yamai, inda Kaka ta wuni cikin mota, minti 40 ya ishe shi da irin wannan gudu.

Sai yarinyar nan ta ce: "Malam, mun samu awa 5, amma an ce awa 5 da rabi. Ina rabin ya fito?"

Malam ya ba su dalili uku.

Na farko, tashi da sauka. Jirgi ba ya fara gudunsa duka tun daga ƙasa. Yana tafiya a hankali zuwa bakin hanyarsa, ya jira izini, ya tashi. Sai ya yi ta hawa har ya kai tsayin kilomita 10 zuwa 12. Can sama iska ba ta da kauri, jirgi ya fi gudu, kuma bai shan mai da yawa. In ya kusa isa, sai ya rage gudu ya riƙa saukowa kaɗan kaɗan. Lokacin haji kuma jirage suna da yawa a Jidda, wani sai ya jira wani ya sauka.

Na biyu, iska. Duk wanda ya tuƙa keke da hunturu ya san haka: in iska tana bayansa, tura shi take yi, in tana gabansa, sai ya sha wuya. Jirgi ma haka ne. In yana gudun 800, iska mai gudun 100 ta biyo bayansa, sai ya riƙa cin kilomita 900 a awa. Tafiyar ta koma kusan awa 4 da rabi. In iskar ta tare shi ta gaba, 700 kaɗai zai riƙa ci. Tafiyar ta kai awa 5 da minti 43.

Na uku, kewaye. Kowace ƙasa tana da iko da samanta, kamar yadda take da iko da ƙasarta. Jirgi ba ya ratsawa sai da izini. A watan Afrilu na 2023 yaƙi ya ɓarke a Sudan, aka rufe saman ƙasar. Jiragen alhazan Afirka ta Yamma suka riƙa kewayewa, tafiya ta ƙara tsawo, mai ya ƙaru. Hadari mai ƙarfi shi ma yana sa matuƙi ya kauce.

4. Agogo biyu

Saura tambaya ta uku. Malam ya sa aka rufe tagogi. Ya ba Auta tocila, ya ce: "Kai ne rana. Ka tsaya wuri ɗaya, ka haska ƙwallon."

Rabin ƙwallon ya yi haske, rabi yana cikin duhu. Malam ya fara juya shi sannu sannu, daga yamma zuwa gabas. Yara suka ga Jidda ta shiga haske, alhali Madarumfa tana cikin duhu. Sai da ya ƙara juyawa, sannan haske ya iso Nijar.

Malam ya ce: "Haka duniya take juyawa, sau ɗaya cikin awa 24. Mutanen gabas suna riga na yamma ganin rana. Lokacin da Kaka ta kira, rana ta fito musu, mu kuwa ba ta iso mu ba."

Masana sun raba kewayen duniya digiri 360. In an raba 360 gida 24, za a samu 15. Ke nan duniya tana juya digiri 15 a awa ɗaya, ko digiri 1 a minti 4. Ana fara ƙirga daga wani layi da ya bi ta Girinic, kusa da birnin Landan a Ingila. Madarumfa tana wajen digiri 7 gabas da wannan layi. Jidda tana wajen digiri 39. Tsakaninsu digiri 32 ne.

32 × 4 = 128

Minti 128 shi ne awa 2 da minti 8. Rana tana kai tsaka a Jidda awa 2 da ƴan mintoci kafin ta kai tsaka a Madarumfa.

Malam ya tuna musu abin da suka riga suka sani. Da azumi, mutanen Maraɗi suna riga mutanen Yamai shan ruwa da minti kamar 20, don akwai digiri 5 tsakaninsu. Mutanen Damagaram kuma suna riga na Maraɗi. Amma ba zai yiwu kowane gari ya yi agogonsa ba. Saboda haka kowace ƙasa take zaɓen agogon da za ta bi. Nijar da Nijeriya da Cadi agogonsu ɗaya. Mali da Burkina Faso suna bayan Nijar da awa 1. Saudiyya tana gaban Nijar da awa 2.

Auta ya koma allo ya rubuta:

Tashi daga Yamai: ƙarfe 11 na dare.
A ƙara awa 5 da rabi: ƙarfe 4 da rabi na asuba, agogon Nijar.
A ƙara awa 2: ƙarfe 6 da rabi na safe, agogon Saudiyya.

Ashe Gwaggo tana da gaskiya, Kaka ma tana da gaskiya.

Malam ya gargaɗe su kada su ɗauka nisa ne yake sāke agogo. Ya ɗauki guntun zaren nan, ya ɗora bakinsa bisa Yamai, ya ja shi arewa. Zaren ya kai birnin Paris na Faransa, har ya ɗan wuce. Daga Yamai zuwa Paris kamar kilomita 3,950 ne, kusan ɗaya da nisan Jidda. Amma Paris arewa take sak da Yamai, rana tana kai tsaka a biranen biyu kusan tare. Da hunturu agogonsu ɗaya. Daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba ne Faransa take tura agogonta gaba da awa 1, don wuni yana tsawo a can. Tafiya gabas ko yamma ita ke kawo bambancin agogo.

5. Hanyar mutanen da

Da dare Auta ya yi wa mutanen gida bayani. Baba ya yi shiru, sannan ya ce: "Awa 5 da rabi! Kakan Inna a ƙasa ya tafi. Shekara 7 ya yi kafin ya komo."

Haka mutanen da suke zuwa haji. Daga ƙasar Hausa su nufi Barno. Su ƙetare zuwa Fort-Lamy, wadda aka sāke wa suna N'Djamena a 1973. Su bi ta Abeshe a ƙasar Wadai, su shiga Darfur ta Janaina da Fashir. Su wuce Ubayyid, su kai kogin Nilu. Daga nan su nufi Sawakin ko Port Sudan a bakin Bahar Maliya, su shiga jirgin ruwa zuwa Jidda.

In mutum yana tafiyar kilomita 25 kullum, ba hutu ko na kwana ɗaya, kilomita 4,000 za su ci masa kwana 160. Amma hanyar ƙasa ta fi haka tsawo, kuma guzuri yana ƙarewa. Sai matafiyi ya tsaya ya yi noma ko ƙodago, ya tara abin da zai ci gaba da shi. Da yawa sun yi aiki a gonakin auduga na Jazira a Sudan. Waɗansu sun mutu a hanya. Waɗansu sun zauna can ba su komo ba. Bayan yaƙin Burmi na 1903, Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, ya wuce gabas da jama'arsa, suka kafa garin Mai Wurno a Sudan. Har yau akwai jikokin waɗannan matafiya a can, da yawa suna jin Hausa.

Jiragen sama na farko su ma ba su da gudun na yanzu. Waɗanda suka fara sauka Kano, a watan Nuwamba na 1925, ƙananan jirage uku ne na sojan Ingila. Daga Masar suka taso, suka yi kwanaki a hanya, suna sauka suna shan mai suna tashi.

6. Ran komowa

Aka gama aikin haji. Wata rana Kaka ta kira ta ce: "Jibi za mu taso. An ce jirginmu zai bar Jidda ƙarfe 2 na rana."

Baba ya ƙirga da yatsu. Ya ce: "Ƙarfe 2, a ƙara awa 5 da rabi, ƙarfe 7 da rabi na dare ke nan. In na shiga mota a Maraɗi jibi ƙarfe 8 na safe, ƙarfe 6 na yamma ina Yamai. Zan riga su isa."

Auta ya ce: "Baba, ƙarfe 2 na wane agogo?"

Ya ɗauko allonsa ya rubuta:

Tashi daga Jidda: ƙarfe 2 na rana, agogon Saudiyya.
A rage awa 2: ƙarfe 12 na rana, agogon Nijar.
A ƙara awa 5 da rabi: ƙarfe 5 da rabi na yamma.

Ya ce: "Lokacin da za su sauka, kana cikin mota tukuna. Kaka za ta fito da kaya, ga ciwon ƙafa, ba ta ga kowa ba."

Baba ya dubi allon da kyau. Ya ce: "Da zuwa a ƙara, da komowa a rage. To, gobe zan tafi, in kwana gidan gwaggonka."

Haka aka yi. Jirgin ya sauka ƙarfe 6 saura minti 15, don iska ta ɗan tare shi. Baba da Gwaggo suna tsaye bakin ƙofa tun la'asar.

Da Kaka ta iso Madarumfa, gida ya cika da masu barka da sauka. Aka raba dabino da ruwan Zamzam. Ta kira Auta ta ce: "Zo nan, maigidana. An ce kai ka hana a bar ni tsaye a Yamai." Ta ba shi hula da ƙaramin agogo.

Auta ya ce: "Hajiya Kaka, yaya tafiyar sama?"

Ta ce: "Da zuwa, ban gama gyangyaɗi ba gari ya waye. Da komowa kuwa, muna ta tafiya rana ta ƙi faɗuwa."

Auta ya karɓi agogon, ya ga yana gaba da awa 2. Ya mai da shi baya, ya ɗaura.

A riƙe

Daga Yamai zuwa Jidda kamar kilomita 4,000 ne ta sama.
Ana samun lokacin tafiya in an raba nisa da gudu.
Tashi da sauka, da iska, da kewaye suna ƙara ko rage lokacin.
Agogon Saudiyya yana gaban na Nijar da awa 2.
Lokacin da aka rubuta a takardar jirgi, na agogon garin da aka ambata ne. In an rubuta 14h00, ƙarfe 2 na rana ake nufi.

Ma'anar kalmomi

Maniyyaci: wanda ya yi niyyar zuwa haji, bai kai ga yi ba tukuna.
Ɗamarar duniya: layin da ake zanawa a taswira, wanda ya raba duniya biyu, arewa da kudu.
Digiri: kashi ɗaya cikin 360 na da'ira.
Guzuri: abinci da kuɗin da matafiyi yake riƙewa.
Ƙodago: aikin ƙarfi da ake yi wa wani don a biya.

Tambayoyi

1. Ta waɗanne garuruwa motar Kaka ta bi kafin ta kai Yamai?
2. Mi ya ba Auta mamaki lokacin da Kaka ta kira daga Jidda?
3. Waɗanne ƙasashe zaren ya ratsa tsakanin Yamai da Jidda?
4. Mi ya sa nisan ƙasa ya fi nisan sama?
5. Mi ya sa mutanen Maraɗi suke riga na Yamai shan ruwa da azumi?
6. Wane kuskure Baba ya yi cikin lissafinsa?

Lissafi

1. Daga Kano zuwa Jidda kamar kilomita 3,400 ne. Jirgi yana gudun kilomita 850 a awa. Awa nawa zai yi?
2. Waɗansu alhazai Madina suke fara sauka. Daga Yamai zuwa Madina kamar kilomita 4,100 ne. Da kilomita nawa ta fi Jidda nisa?
3. Jirgi ya tashi daga Yamai ƙarfe 9 na safe, ya yi awa 5 da rabi. Ƙarfe nawa ne a Jidda lokacin da ya sauka?
4. Ƙarfe 8 na dare ne a Maka. Ƙarfe nawa ne a Madarumfa? Ƙarfe nawa ne a Bamako?
5. Raƙumi yana tafiyar kilomita 40 a wuni. Kwana nawa zai yi kafin ya ci kilomita 4,000?

Aikin gida

Ku tambayi wani alhaji ko hajiya na unguwarku: a wace shekara ya tafi, daga wane gari ya shiga jirgi, awa nawa ya yi a sama. Ku tambayi tsofaffi ko akwai wanda ya taɓa tafiya Maka a ƙasa cikin danginku. Ku rubuta abin da kuka ji cikin layi 10, ku kawo aji.